Sandar Gora Tsakanina da Toka

Tun da gwiwoyina suka ƙi ni, duniyata ta koma bencin da ke ƙofar gidan ɗana a Ayigya Zango, cikin Kumasi. Nan nake shan hantsi, ina kallon motocin haya na turoturo suna kwasar 'yan jami'a, yaran mota na kiran masu zuwa Sofoline kamar za su tsage maƙogwaro. Cikin 'yan hayar ɗana akwai wata yarinya Batoniya, wato 'yar asalin garin nan, mai ladabi, ba ta taɓa wuce ni ba ta gaishe ni ba. Tana da wani ɗan kare mai gashi buzu-buzu, wai har sabulunsa daban, ikon Allah! Kullum da safe sai ta ɗaura masa igiya su fita. Da zarar wani kare ya ɓullo daga lungu, sai ta naɗe igiyar a hannu, ta finciko shi har ƙafafunsa na gaba su bar ƙasa, tana daka masa tsawa, shi kuma yana haushi kamar zai shiɗe. Duk ranar da na ga haka sai tafin hannuna na dama ya ɗauki zafi, in ji ƙanshin ƙanzo da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ba a yi ruwa ba, ba kuma wanda ya ɗora tukunya.

Zangon da na tashi a ciki yana can kusa da babbar kasuwa. Bara aka kai ni a mota, wallahi ban gane shi ba. Filin da ake tsare shanu ya zama shaguna hawa kan hawa, yara na sayar da wayoyi a daidai inda bijimai ke kwanciya suna tuƙa. A wancan zamani ba mu san agogo ba, kunne ke gaya mana lokaci. Bayan kiran assalatu sai ƙarar bokiti a bakin famfo da faɗan mata a kan layi. Da hantsi sai muryoyin yara daga makarantar allo, su tashi tare su sauka tare. Da la'asar Tonawan da ke tsallaken kwata su fara dakan fufu, dum, dum, har ka ji shi a ƙirjinka. Kafin magariba jemagu su taso daga manyan itatuwa su rufe sama. Ga kuma ruwan Kumasi, wanda ba ya neman izinin kowa. In ya sauka a kan kwano ba ka jin maganar na kusa da kai, sai kowa ya yi shiru ya shiga tunaninsa. Ina jin yaran yanzu ba su san irin wannan shirun ba, don ko ana ruwa wayarsu na magana.

Muna zaune a ɗaki ɗaya a ƙuryar gidan Maigida, wanda fataken shanu ke sauka wurinsa. Babanmu yana cikin masu koro shanu daga arewa a ƙafa, tafiyar wata da kwanaki. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tana dama koko da safe ta dafa wake da shinkafa da rana, ni kuma in ɗauki talla. Sai kuma Toka, karen Babanmu, wanda launinsa ya ba shi suna. Tun yana kwikwiyo yake bin garke, shi ke jin kura tun tana nesa, shi ke dawo da saniyar da ta ɓalle. Mutanen Zango ba sa son kare, kowa ya sani, amma na makiyayi akan ɗauke masa kai tunda aiki yake yi. A zuwansu na ƙarshe ne karnukan mayanka suka taru masa suka yaga masa cinya, har lokacin komawa arewa ya yi bai iya taka ƙafar ba. Ina ganin Babanmu har yanzu, a tsugune a zaure da malafarsa a gwiwa, Toka ya cusa kai a bayan ƙafafunsa. Ya ce da ni, "Uwata, riƙe mini shi. In ruwa ya ɗauke zan dawo, ina so in tarar da ku biyu a ƙofar gidan nan." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Cinyar ta warke, tsoron ne ya zauna. Ko daga nesa Toka ya hango baƙon kare sai gashin bayansa ya miƙe, jikinsa ya hau ɓari. Maigida ya hana a sake shi, saboda haka kullum in na dawo daga tallan koko ni ke fita da shi fili. A shekarar ne kuma na fara riƙe salla sosai, Mma ta yanka mini zanen salla da ɗan mayafi. Ta ce yawun kare in ya taɓa tufa sai wanki bakwai, ita kuwa ba ta da sabulun wannan aiki. Sai ta samo sandar gora mai tsawon kamu biyu, ta huda gaɓoɓin cikinta da ƙarfe, ta zura igiya a ciki. Ina riƙe da wannan kai, wuyan Toka na can wancan kai, ko ya so ya matso kusa da ni babu hali. Kowa ya yaba dabarar Mma, har matar malaminmu sai da ta zo gani da idonta.

Da wannan gorar muke tafe ranar da abin ya faru. Akwai wata Batoniya mai sayar da dokunu, wato tuwon masarar da ake ƙunshewa a ganye, a tsallaken kwata, muna ce mata Maame, tana da wani tsohon kare ja wanda ko ƙuda ba ya kora. Muka yi kiciɓis da su a lungu, tana ɗauke da tirenta. Na tokare Toka da dukan ƙarfina ina ihu, ya fizge gorar sai da ta ɗaye mini fatar tafin hannu, ya auka wa bawan Allah ya tsaga masa kunne. Tiren dokunu kuwa sai cikin kwata. Maame ta biyo ni har zaure tana zazzaga Tonanci, ba abin da nake kamawa sai "kraman, kraman", wato kare. Maigida ya ba ta haƙuri ta tafi, sannan ya dube ni.

"Ke 'yar nan," ya ce, "ubanki mutumina ne, don shi na yi shiru har yau. Amma baƙina na tafe da karnukansu in ruwa ya ɗauke. Ranar da suka sauka, in karen nan ya ta da faɗa ya watsa mini shanun mutane, masu buhu zan kira. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Masu buhu wasu mutane ne da ke yawo unguwa-unguwa suna karɓar karnukan da aka gaji da su, kuma ba a taɓa ganin karen da ya shiga buhunsu ya dawo ba. Na yi kuka ranar nan har Mma ta ce in rufe mata baki. Ba abin da ke cina sai yadda zan tsaya a ƙofar gida ni kaɗai in Babanmu ya dawo.

Washegari muna gefen fili, ni da Toka da gorarmu, sai na ji an ce, "Kai yarinya, zo nan." Tsoho Salifu ne, wani tsohon mai koro shanu da sa ya taɓa karya wa ƙugu, ya zauna yana tufka igiya a gindin mangwaro. Bamoshe ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Wa ya ba ka wannan sanda?"

"Mma ce, Baba. Don kada ya taɓa ni."

"To ai bai taɓa ka ba, madalla. In ya ji tsoro, ina zai je?"

Ni dai ban taɓa tunanin kare na da inda yake zuwa ba.

"Shekara nawa ina ganin karen nan da ubanka," in ji shi. "In ya tsorata, bayan ƙafar ubanka yake shiga, ya leƙo daga can. Kai kuma ka tura shi gaba shi kaɗai, ka tokare shi da itace. Baya babu hanya, gefe babu hanya. Ko ni ne sai na yi cizo, ga ni ba haƙori."

"Amma Baba, yawunsa fa?"

Ya ɗaga kai ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas. "Ruwa ya ƙare a Kumasi ne? Nemi tsumman zani, ya zama na kare. In kun dawo ka cire, ka wanke ƙafarka, ka yi sallarka."

Ya zare gorar ya jefa bayansa, ya ba ni wata doguwar igiya mai laushi. Ya ce kullum ta kasance ta yi ciki tana lilo, don duk abin da ke zuciyata ta igiyar yake bi ya shiga wuyan Toka. Da na koma gida babu gora Mma ta yi faɗa sosai, ta ce tsoho ya rasa aikin yi. Amma da safe na tarar da wani tsohon zaninta a rataye a ƙofa, da ƙanzon shinkafa ƙunshe a ganye.

Daminar nan, in na tuna ta, sai in ga kamar safiya ɗaya ce doguwa da ba ta ƙare ba. Mukan zauna a can ƙarshen fili, inda karnukan mayanka ke zama 'yan ƙanana a ido kamar 'yan awaki. Ciyawa jiƙe, hayaƙin masu gasa masara na bin ƙasa, balbelu na sauka ɗaya bayan ɗaya a inda shanu suka taɓa kwana. Tsoho ya ce in zuba wa kunnen Toka ido. Da zarar ya hango kare, tun kafin ya yi gurnani, in jefa masa ƙanzo a ƙasa. In karen ya ɓace, ƙanzo ma ya ɓace. In ya ci, to muna daidai. In ya ƙi ci, mun matsa da yawa, mu koma baya ba tare da faɗa ba. Ranar farko da Toka ya zo ya jingina da ƙaurina, sai na ji ɗuminsa ta cikin tsumman zanin, na ji zuciyarsa na bugawa da sauri kamar ta ɗan tsako. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don wata nawa yana neman wurin nan ina tokare shi.

Tsoho ya lura da wani abu kuma. Ya ce, "Kai ne ke fara jin tsoro kafin shi. Da ka ga kare sai ka ɗauke numfashi. Yi magana, yi waƙa, ko me." Babanmu da fito yake kwantar da shi, ni kuwa ban iya fito ba, kuma ba zan ja karatun allo a kan kare ba. Abin da bakina ya saba da shi kawai na kama, wato kiran talla. Sai in ja shi a hankali, "Ga koko da zafi, a sayi koko," ina maimaitawa har kunnuwan Toka su kwanta. Sau biyu mata na fitowa da kwano, su tarar da ni zaune da kare babu ko ludayi. Wata har ta je ta ce wa Mma a nema mini rubutu, wai 'yarta ta fara taɓuwa.

Kowane 'yan kwanaki mukan matsa gaba kaɗan, daga mangwaro zuwa kututture, daga kututture zuwa tsohuwar rijiya. Ba ma tunkarar kare gaba da gaba, sai mu yi baka mu zagaye, ni a tsakani. Ni kuwa da gaggawa aka haife ni, har yau ɗana na fama da ni. Da na ga ruwa ya fara ja baya sai hankalina ya tashi, wata safiya na ja Toka har bakin mayanka. Na jefa ƙanzo ya ƙi ci, na yi kamar ban gani ba. Kai, ranar nan na sha kunya! Haushi, tsalle, igiya ta miƙe tamau, mahauta na dariya. Na dawo gindin mangwaro ina hawaye, Tsoho bai ko ɗaga kai daga tufkarsa ba. Ya ce, "Gobe daga nan za ku fara." Haka muka sake komawa farko.

Wadda ta ƙarasa mana aikin, abin mamaki, Maame ce. Ta daɗe tana kallonmu daga rumfarta. Wata rana za ta famfo, jan karenta mai tsagaggen kunne na biye da ita, sai ta yafuto ni tana cewa, "Bra, bra," wato in zo. Muka bi bayansu da tazara, duk muna fuskantar gaba ɗaya, ba mai kallon wani. Kullum tazarar na raguwa. Kafin kwana goma karnukan biyu na kwance a inuwa ɗaya a bakin famfo, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya kamar surukai.

Ayarin ya sauka ranar Juma'a, kwana uku kafin ranar da ake tsammani. Na yi wanka na sa zanen sallata da mayafi, Mma za ta aike ni da abinci gidan malam. Sai na ji ƙasa na motsi, kukan shanu, ihun masu kora, da haushin karnuka baƙi. Na tuna Toka na ɗaure a ƙofar gida, a daidai hanyarsu. Na aje kwano na ruga. Maigida da dattawa na tsaye a bakin zaure cikin fararen riguna, shanu sun cika lungu, ga karnuka uku manya sun nufo ƙofa. Toka ya miƙe, gashin bayansa a tsaye, leɓensa ya fara ɗagawa. Babu ƙanzo a hannuna, tsumman zanin na can a igiyar shanya, a jikina kuwa zanen da Mma ta tara kuɗin koko ta saya mini ne.

Na kwance igiyar na sassauta ta, na shiga tsakaninsa da su, na juya masa baya. Sannan a gaban Maigida da liman da dukan baƙi, na buɗe baki na ce, "Ga koko da zafi, a sayi koko." Wani ya tuntsire da dariya. Na sake ja a hankali. Sai na ji shi ya shigo bayan ƙafafuna, ya manna jikinsa, yana haki, yawunsa na jiƙa mini zani har ƙauri. Ban motsa ba. Karnukan suka zo suka shinshina ƙasa, babban cikinsu ya tsaya ya dube mu, Toka ya leƙo ta gefen zanina ya dube shi. Ina ta kiran koko. Can sai babban ya yi hamma ya wuce, sauran suka bi shi, Toka ya kwanta a kan ƙafata. Na ji Maigida ya ce, "Ikon Allah."

Daɗi ya cika ni, na fara ɗaga wuya ina duba fuskokin masu kora, ina neman malafar Babanmu, don ya ga mu biyu a inda ya ce. Sai Toka ya tashi. Na ji igiyar na zamewa daga hannuna, na bar ta. Ya ratsa ta tsakiyar karnukan nan uku ko kallonsu bai yi ba, ya nufi madugun ayarin, wanda ke sauke wani ƙunshi daga kafaɗa. A saman ƙunshin an ɗaure malafa da sanda. Toka ya shinshina, ya zagaya sau ɗaya, ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kai. Madugu ya dubi Maigida, Maigida ya dube ni, dariyar da ake yi ta ɗauke. Kafin wani ya ce zazzaɓi ne ya ɗauke Babanmu a mashigar babban kogi, can aka binne shi, ni na riga na sani.

Maigida bai kira masu buhu ba, ranar nan ko bayanta. Ya ce duk wanda ya taɓa karen nan shi ya taɓa. Zanen kuwa Mma ce ta wanke shi da hannunta, sau bakwai, tana wanki tana kuka. Toka ya yi shekara huɗu tare da mu, kullum a ƙofar gida, kuma duk ayarin da ya sauka sai ya tashi ya duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo bayan ƙafata.

Yau da safe na kasa haƙuri. Yarinyar nan ta fito da ɗan karenta, wani baƙin kare ya ɓullo daga wajen masu gyaran mota, ta fara naɗe igiya. Na kira ta da Tonancina na tsufa, na ce, "'Yata, sassauta. Shiga gabansa, ki bar shi ya ɓuya a bayanki. Yi masa magana a hankali, ko me ya zo bakinki." Ta dube ni kamar za ta yi musu, sai ta yi yadda na ce. Haushi biyu ya yi, sannan ya shige bayan ƙafafunta ya leƙo daga can. Ta yi dariya ta ce, "Nana," wato kaka, "a ina kika san kare?" Na ce mata labarin da tsawo, ta dawo in ta taso daga makaranta.

Da suka wuce sai ɗana ya leƙo ya ce, "Mma, rana ta yi zafi, ki shigo ciki mana. Kullum ke sai ƙofar gida." Na ce masa ya bar ni tukuna. A nan aka ce za a tarar da ni.